Dutsen Kwalli da Asalin Akwatin Rediyo

A kasuwannin ƙasar Hausa, da kuma na zangunan Gana da Kamaru da Cadi da Sudan, akan tarar da 'yan koli sun kasa wani ɗan dutse mai nauyi, mai launin toka, yana ƙyalli kamar azurfa. In an buge shi da guduma sai ya farfashe murabba'i-murabba'i, kamar an yanka da wuƙa. Mata kan saya su niƙa shi ya yi laushi, su ɗura a tandu, su riƙa sa wa ido. Wannan shi ne dutsen kwalli, ko kuwa tozali. Masana ma'adinai suna kiransa galena, kuma sun ce dalma ce ta haɗu da farar wuta tun a cikin ƙasa. Ana haƙo shi a ƙasashe da dama, a Nijeriya ma akwai shi a yankin Abakaliki da kuma Zurak ta ƙasar Wase.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, shekaru ɗari da suka wuce wannan dutse shi ne zuciyar akwatin rediyo. Cikin shekarun 1920, sa'ad da aka soma watsa shirye-shirye a Amurka da Turai, dubban ɗaruruwan mutane da ɗan gutsuren tozali wanda bai wuce ƙwayar wake ba suka fara jin muryar ɗan Adam tana zuwa musu ta iska. Akwatin ba ya bukatar batir, ba a kuma jona shi da lantarki. Da yawa daga cikinsu kuwa ba a kanti aka sayo su ba. Yara 'yan makaranta da kafintoci da akawuna su ne suka harhaɗa abinsu da hannunsu a kan teburin cin abinci. Labarin wannan akwati ya cancanci a waiwaye shi, domin kuwa an shigo zamanin da mutum kan sayi na'ura da guminsa, amma ko murfinta ba ya iya buɗewa.

Kaya biyar kacal

Mutanen Ingila sun sa wa irin wannan akwati suna rediyon kiristal, domin kiristal ita ce kalmarsu ta dutse mai ƙyalli irin wannan. Kayan da ke cikinsa biyar ne kacal, kowanne ana ganinsa da ido, ana kuma iya taɓa shi da hannu.

Na farko shi ne eriya. Tashar rediyo tana cilla igiyoyinta cikin sarari suna gudun kilomita 300,000 a sakan guda, kuma duk ƙarfen da suka ratsa sai su motsa ɗan lantarki a jikinsa. Don haka akan miƙa doguwar waya daga rufin ɗaki zuwa bishiya ta tare su, sa'an nan a ɗaura wata wayar a jikin ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa mai laima, domin lantarkin ya sami hanyar wucewa. Ɗan abin da eriyar ta kamo, wanda sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na wutar da ke kunna ƙwan fitila ba, shi ne dukan abincin akwatin. Watau tashar da ke magana ita ce ke biya wa mai sauraro kuɗin wuta.

Sai dai eriya ba ta san zaɓe ba, kowace tasha ta zo kamawa take yi. A nan ne kaya na biyu da na uku suke shigowa, watau naɗin waya, wanda masu gyara ke kira koyil, da kuma kwandansa, wadda fallayen ƙarfe ne suna fuskantar juna ba tare da sun taɓa juna ba. Kowace tasha da irin saurin kaɗawar igiyarta. Alal misali, tashar da ke kan mita 300 a matsakaicin zango, igiyarta tana kai da komowa sau miliyan ɗaya cikin kowane sakan. Koyil da kwandansa in an haɗa su kamar lilo suke. Yaron da ke kan lilo in ana tura shi daidai lokacin da ya dawo, ko da ɗan yatsa ne, sai lilon ya yi ta ƙara nisa. In kuwa ana saɓa lokaci, turin ba ya tsinana kome. Murɗa kan kwandansa daidai yake da rage tsawon igiyar lilo ko ƙara shi. Tashar da bugunta ya zo daidai da tafiyar lilon ita ce za ta yi ƙarfi, sauran su dushe.

To, an zaɓi tasha, amma har yanzu kunne ba zai ji kome ba. Dalili kuwa shi ne, muryar mai magana a kan igiyar take ɗauke, ƙarfin igiyar yana hawa yana sauka gwargwadon muryar, amma shi lantarkin yana zuwa gaba yana komawa baya da saurin da ya fi ƙarfin kunne. Turin gaba da turin baya sai su kashe juna, a tashi a tutar babu. Nan ne aikin kaya na huɗu, dutsen kwalli. In aka ɗora tsinin wata siririyar waya a kansa, wurin da suka haɗu yakan bar lantarki ya wuce ta fuska ɗaya, ya tare shi ta ɗayar, kamar bawul ɗin tayar keke da ke barin iska ta shiga amma ba ta fita. Da an datse rabin nan mai komawa baya, abin da ya saura sai ya bi hawa da saukar muryar. Daga nan ya shiga kaya na biyar, abin sawa a kunne, ya kaɗa ɗan faifan ƙarfen da ke ciki kamar fatar ganga, magana ta fito.

Ita wannan siririyar waya, saboda lanƙwasarta, Turawa sun sa mata suna gashin bakin kyanwa. Ba ko'ina a jikin dutsen take aiki ba. Sai mai akwati ya zauna yana lalube da tsinin a hankali, yana kasa kunne, har ya dace da wuri mai kyau. In wani ya bugo ƙofa da ƙarfi, ko yaro ya girgiza tebur, shi ke nan magana ta ɓace, sai a sake sabon lale.

Wanda ya fara lura da wannan hali na dutsen wani Bajamushe ne mai suna Ferdinand Braun, a shekarar 1874, lokacin yana ɗan shekara 24 yana koyarwa a wata makarantar sakandare a birnin Leipzig. A sa'an nan ba a fara aika saƙo ta iska ba tukuna, saboda haka binciken ya zauna a takarda. Sai a 1901 wani malamin kimiyya na Kalkata ta ƙasar Indiya, Jagadish Chandra Bose, ya nemi a yi masa rajistar wata na'ura mai amfani da galena wajen gane igiyoyin rediyo, aka kuwa ba shi a Amurka a 1904. A can Amurkan wani injiniya, Greenleaf Pickard, ya duƙufa yana gwada ma'adinai iri-iri, har ya jarraba haɗi fiye da 30,000, ya yi rajistar tasa mai amfani da silikon a 1906. Dukansu sun ga abin yana aiki, amma babu wanda ya iya bayyana dalili. Sai wajen 1938 masana suka fara fahimtar abin da ke faruwa a bakin tsinin.

Zamanin masu haɗa nasu

Watsa shirye-shirye shi kansa daga hannun masu sha'awa ya fito. Frank Conrad injiniya ne a kamfanin Westinghouse, amma in ya tashi daga aiki yana da 'yar tasharsa a garejin gidansa kusa da birnin Pittsburgh. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya soma sa faifan garmaho yana watsawa, masu akwatunan gida suna ji suna aiko masa da wasiƙu. A watan Satumba na 1920 wani babban kanti na garin ya yi talla a jarida cewa yana da akwatin da za a ji Conrad da shi a kan dala 10. Wani babban jami'in kamfanin ya ga tallar, ya gane cewa muddin akwai abin ji, to, za a sayi abin sauraro. Ran 2 ga Nuwamba na wannan shekara tashar KDKA ta buɗe da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, wanda Warren Harding ya lashe.

A lokacin akwai akwati mai bawul, watau kwalaben nan masu haske da ke ƙara wa murya ƙarfi, amma tsada gare shi, ga kuma cin batir. Talaka sai ya koma ga dutse. A 1922 hukumar ma'auni ta gwamnatin Amurka ta buga 'yar ƙasida tana koya wa jama'a yadda za su haɗa nasu da kayan da ke cikin gida, jaridu suka yi ta sake bugawa. Kwalin hatsin karin kumallo mai siffar gwangwani ya zama abin naɗa koyil, har wasu ma ƙarfen gadonsu suka mayar eriya.

A Ingila an fara watsa shirye-shirye kullum ran 14 ga Nuwamba 1922. Doka ta ce mai sauraro ya yanki lasin na sule 10, ya kuma sayi akwati mai hatimi wanda kamfanonin ƙasar suka ƙera. Amma jama'a suka ci gaba da haɗa nasu a gida, har abin ya fi ƙarfin hukuma. A 1923 dole ta fito da lasin na musamman na sule 15 domin masu ƙera nasu. Ta haka yara masu ɗimbin yawa suka tashi sun san ciki da wajen rediyo, kuma daga cikinsu ne aka sami masu aikin waya da injiniyoyin da ƙasashen nan suka dogara da su a yaƙin da ya biyo baya.

Reza da fensir

A cikin wannan yaƙin ne aka ga iyakar sauƙin abin. A watan Janairu na 1944 sojan Amurka da na Ingila suka sauka a Anzio, a gaɓar tekun Italiya, Jamusawa suka tsare su a nan har wata huɗu, suna kwance cikin ramuka. An hana su riƙe rediyo mai bawul, domin irinsa yakan fitar da ɗan siginarsa da abokan gaba za su iya bi su gano inda mutum yake. Rediyon dutse kuwa ba ya fitar da kome, karɓa kawai yake yi. Tun da yake babu tozali a ramin, sai suka nemi madadinsa. An ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Suka ɗauki reza wadda ta yi shuɗi ko ta soma tsatsa, suka kafe ta a jikin katako, suka ɗaura bakin fensir a jikin fil, suka ɗora tsinin a kanta. Ɗan dattin nan da ke fuskar rezar shi ya yi aikin dutse. Da wannan suka riƙa jin kiɗa da labarai daga Rum. A sansanonin fursunan yaƙi ma an yi irin wannan dabara a ɓoye, a wuraren da kama mutum da rediyo kan iya jawo masa kisa.

Dutsen da aka yar ya dawo

Kafin ƙarshen shekarun 1920 bawul ya yi araha, lasifika ta shigo, iyali duka suna iya zama su ji tare. Rediyon dutse ya koma abin wasan yara. Amma an ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da aka soma binciken gajerun igiyoyi ƙwarai, irin waɗanda na'urar hangen jiragen sama ke aiki da su, sai aka tarar bawul ba ya iya binsu saboda saurinsu, alhali tsinin waya a kan dutse yana iyawa. Wani injiniyan ɗakin bincike na Bell, George Southworth, sai da ya shiga kasuwar tsofaffin kayan rediyo ta birnin New York ya tono tsofaffin duwatsun da aka watsar.

Daga nan aka shiga tace silikon da wani ma'adini ɗan'uwansa mai suna jameniyam. A 1940 abokin aikinsa Russell Ohl ya lura da wani gutsuren silikon mai tsaga a tsakiya, wanda in haske ya sauka a kansa sai ya ba da lantarki. Ya gano cewa ɓangarorin biyu sun bambanta wajen ɗan gaurayen da ke cikinsu, kuma a kan iyakarsu ne ƙofar nan mai buɗewa fuska ɗaya take. A watan Disamba na 1947, a wannan ɗakin bincike, John Bardeen da Walter Brattain suka ɗora tsini biyu kusa da juna a kan jameniyam maimakon ɗaya. Brattain ya manna fallen zinariya a bakin wata 'yar roba mai kusurwa uku, ya tsaga shi da reza, ya danna a kan dutsen. Ɗan lantarkin da ya shiga ta tsini ɗaya sai ya riƙa sarrafa wanda ya fi shi yawa a ɗayan. Taranzista ke nan, wadda ta sa su biyun da William Shockley suka sami lambar Nobel a 1956.

A 1954 aka fara sayar da rediyo mai taranzista a Amurka, Regency TR-1, a kan dala 49.95. Kamfanonin Japan suka biyo baya suka karya farashi, har ya zamana cikin shekarun 1960 ana ganin makiyayi a daji da rediyonsa rataye a kafaɗa. A 1954 ɗin dai aka nuna faifan farko na silikon mai samar da lantarki sosai daga hasken rana, wanda ya samo asali daga tsagaggen dutsen Ohl. Hatta ƙwan tocilan na zamani a bakin gashin kyanwa aka fara ganinsa. Wani Baturen Ingila, Henry Round, ya lura a 1907 cewa tsinin yana ɗan haske a kan wani irin dutse, wani matashi na Rasha kuma, Oleg Losev, ya bi diddigin abin cikin shekarun 1920, kafin yunwa ta kashe shi a Leningrad a 1942 lokacin da aka yi wa birnin ƙawanya. Wayar hannu da ke aljihun mutum a yau tana ɗauke da taranzista dubban miliyoyi, kuma dukansu jikokin tsinin nan ne.

Magada

Al'adar buɗe akwati a ga abin da ke ciki ba ta mutu da rediyon dutse ba. Ran 5 ga Maris 1975 wasu masu sha'awar lantarki wajen talatin suka taru a wani gareji a Menlo Park ta jihar Kalifoniya, domin su ga wata kwamfuta mai suna Altair 8800 da ake sayarwa a warwatse, mai saye ya haɗa da kansa. Cikinsu akwai Steve Wozniak, wanda tun yana yaro yake da lasin na masu aika saƙon rediyo don sha'awa. Ya koma gida ya zana tasa, ita ce Apple I da aka fara sayarwa a 1976.

A Afirka ma akwai misali. William Kamkwamba, ɗan wani ƙauye a gundumar Kasungu ta ƙasar Malawi, da buɗe tsofaffin rediyo ya fara, shi da wani ɗan'uwansa. Sukan cire kaya ɗaya-ɗaya su ga abin da zai daina aiki, har suka iya gyara wa maƙwabta. Yunwar 2001 zuwa 2002 ta sa iyayensa suka kasa biyan kuɗin makaranta, ya koma ɗan ɗakin karatu na garinsu, inda ya ga hoton injin iska a bangon wani littafi. Yana ɗan shekara 14 ya tattaro gangar jikin keke da fankar tarakta da bututun roba da dinamon fitilar keke daga juji, ya kafa su a kan dogayen itatuwa. Mutanen gari suna ce masa mahaukaci, har ranar da ƙwan fitila ya kama a hannunsa. A 2014 ya sauke karatu a jami'ar Dartmouth ta Amurka. Haka kuma Kelvin Doe na birnin Freetown a Saliyo, wanda ya haɗa 'yar tashar rediyonsa da kayan bola yana yaro, har aka gayyace shi jami'ar MIT a 2012.

Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne kowannensu ya sami abin da ke buɗuwa. Ya kwance, ya ɓata, ya sake ɗaurawa, hannunsa ya koya wa kansa.

An rufe akwatin

Wannan ƙofa ce take neman rufuwa. Tsohuwar rediyo da kusoshi huɗu aka ɗaure bayanta, wasu ma akan manna taswirar wayoyinta a cikin murfi domin mai gyara. Na'urorin yanzu da yawa da gam ake liƙe su, batirin a manne yake, kusoshin kuma ba kowace sukundireba ke kama su ba. Wasu kamfanoni har sukan sa wa kowane ɓangare lamba, ta yadda in an canza gilashi ko batir ba a wurinsu ba, na'urar za ta yi ta gargaɗi ko ta rage aiki. Sakamakon haka abin da ƙaramin gyara zai tayar sai a jefar. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Maganar ta shafi abincin mutane kai tsaye. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da ta Ikeja a Legas, da kewayen Circle a Accra, dubban samari ne ke ci da iyalinsu daga gyaran waya. Galibinsu a gaban maigida suka koya, da kallo da gwaji, kamar yadda magabatansu masu gyaran rediyo suka koya. Duk ranar da aka ƙera wayar da ba ta gyaruwa sai a hannun kamfani, ranar an taɓa tukunyarsu, an kuma taɓa aljihun mai saye wanda ba shi da halin sayen sabuwa.

A Turai da Amurka jama'a sun fara mai da martani. A watan Oktoba na 2009 wata 'yar jarida, Martine Postma, ta shirya zaman gyara na farko a Amsterdam, inda mutane ke kawo kayansu da suka lalace, masu sani su taya su gyarawa kyauta ana shan shayi. Yanzu irin wannan zama ya kai dubbai a ƙasashe da dama. Daga Janairu 2021 Faransa ta wajabta a rubuta wa wasu kayan lantarki maki daga cikin 10 mai nuna sauƙin gyaransu. A 2024 jihar Oregon ta Amurka ta yi dokar hana kulle ɓangarori da lamba, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar 'yancin gyara. Wata dokarta ta 2023 ta tanadi cewa daga 2027 yawancin na'urorin hannu su zama mai su zai iya canza batirinsu.

Ita kuwa rediyon dutse wata barazanar ce ke gabanta. Matsakaici da dogon zango take ji, wani lokaci da gajere. Zangon FM da ƙyar take kama shi, na dijital kuwa ko kusa. Ran 31 ga Disamba 2015 gidajen rediyon gwamnatin Jamus da na Faransa suka kashe tashoshinsu na matsakaicin zango. Inda aka kashe irin waɗannan tashoshi, akwatin sai ya yi shiru komai kyan haɗinsa.

Ga mai son gwadawa

Inda har yanzu akwai tashar matsakaicin zango mai ƙarfi a kusa, aikin yini ɗaya ne. A samo bututun roba ko na kwali mai faɗin santimita 5, a naɗa masa siririyar wayar tagulla mai fenti, mai kaurin rabin milimita, zagaye 80 kusa da kusa. Kwandansa mai murɗawa a cikin matacciyar rediyo ake samunta, a haɗa ƙafafunta biyu da bakunan koyil biyu, bayan an kankare fentin bakunan. Baki ɗaya a kai shi ga wayar ƙasa, ɗayan ga eriya mai tsawon mita 15 zuwa 30. Daga bakin eriyar a wuce ta dutse da tsininsa zuwa abin kunne, ɗaya wayar abin kunnen ta koma ƙasa. Wanda bai son wahalar lalube ya nemi dayod na jameniyam mai lamba 1N34A ko 1N60 wurin masu gyara, domin na silikon da aka saba gani yana bukatar lantarkin da ya fi abin da eriya ke kawowa. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne abin kunne. Na wayar hannu ba ya yi, sai irin na kiristal ko na dā mai siririn naɗi da yawa. Da dare aka fi dacewa, gama a lokacin ne igiyoyin matsakaicin zango ke cin nisa.

Akwai kashedi uku. Kada a miƙa eriya kusa da wayar lantarki, ko ta samanta ko ta ƙarƙashinta. In hadari ya taso a cire ta daga akwati a haɗa ta da wayar ƙasa a waje. Na uku kuwa game da dutsen ne kansa. Wajen kashi 86 cikin ɗari na nauyin galena dalma ce, dalma kuwa guba ce mai lahanta ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu, kada a bar yaro ya sa a baki, kuma likitoci sun daɗe suna gargaɗi a daina sa wa jarirai irin wannan kwalli a ido.

Malamin makarantar da ke neman hanyar nuna wa ɗalibansa yadda lantarki yake, ko uban da ɗansa ya dame shi da kwance kayan gida, ba sa bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Matacciyar rediyo ɗaya, da ƙundun waya, da gutsuren tozali daga wurin ɗan koli sun isa. Yaron da ya zauna yana lalube da tsini har murya ta faɗo masa a kunne daga akwatin da babu batir a ciki, zai yi tambaya daga ina wutar ta fito, kuma da wannan tambaya ce Conrad da Wozniak da Kamkwamba suka soma.